Farar Shinkafar Tongsai Mai Inji

A ƙauyen Huaisan, in ana maganar haki, Tongsai mai inji yana ganin babu wanda zai gaya masa komai. Ya daɗe yana fama da shi. Ƙurar shinkafa da hayaƙin taba sun yi masa sheƙa a ƙirji tun yana da sauran baƙin gashi, har ta kai mutane kan ji zuwansa kafin su gan shi, domin numfashinsa yana fita da wani ɗan fito kamar iska a cikin gora. A aljihun rigarsa kullum akwai maganin shaƙa da ake ba shi a ƙaramin asibitin bakin titi. In ƙirjin ya matse, sai ya dafa bango, ya shaƙa, ya tsaya ya saurari kansa, sannan ya koma bakin aiki. Wannan sanin da yake taƙama da shi ne ya kusa raba shi da 'yarsa tilo, Amfai, da jikansa na fari.

Ɗan manomi ne, ya tashi a gidan da gari ba ya wayewa sai an ji turmin ƙafa. Turmin a binne yake a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da ake ɗora gidajen ƙauyen a kansu, taɓaryar kuma a bakin wani dogon gungume take. Mace ta taka gindin gungumen, taɓarya ta ɗaga, ta saki, ta faɗa kan shinkafa. Haka uwarsa ta yi har bayanta ya ranƙwafa. Haka matarsa Buawan ta zo ta tarar, ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya. Shinkafar da ke fitowa daga turmin nan ba fara ba ce. Ja-ja-ja take, da ɗigon fata a jikinta, wani lokaci har da ɓuntun da ya tsere wa faifai.

Buawan tana kan gungumen nan naƙudar Amfai ta kama ta. Bayan ta gama jego ta koma kansa, gwiwoyinta suka fara kumbura, tana taka shi tana cije leɓe. Tongsai ba mai yawan magana ba ne. Bai ce mata sannu ba, bai ce ta bari ba. Wata shekara bayan girbi sai ya kora ɓaunayensa na noma zuwa kasuwar gunduma, ya dawo a bayan babbar mota da injin casa a lulluɓe da tamfol. Amfai a lokacin tana koyon tafiya.

"Baban Amfai, da me za mu yi huɗa bana?" in ji Buawan.

"Mu ara."

"Ka sayar da masu ƙafa huɗu ka sayo abin da ba ya haihuwa."

"Shi ma ba ya ciwon gwiwa," in ji shi, ya ci gaba da kwance igiya.

Ran nan da yamma ta dafa masa kaza da ganyen lemo, abin da ba ta yi sai ran biki.

Cikin 'yan shekaru turamen ƙauyen suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka faskara su, wasu kaji suka mayar da su akurki. Na gidan Tongsai aka ja shi ƙarƙashin rumbu, kurangar daji ta rufe shi. Mata suka samu barcin asuba, suna sa wa Tongsai albarka. Shinkafar da suke turarawa su kai wa masu ibadar haikali da safe ta zama fara tas, ba mai jin kunyar buɗe kwandonta. Ladan casa kuwa, bisa al'ada, ba a hannu ake ba shi ba: mai shinkafa ya ɗauki shinkafarsa, dusa ta mai inji ce. Iyakar farin shinkafa iyakar yawan dusa, don haka kowa ya tashi yana murna. Dusar nan Tongsai yake dama wa aladunsa, suka yi ta ƙiba suna sheƙi.

Maƙwabcinsa Inta, abokin wasansa tun suna kiwo tare, ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Kai tsohon inji! In na mutu ka roƙa mini in dawo alade a gidanka. Dubi wancan, ko mai gari bai kai shi wuya ba."

"Ai ka riga ka fara, saura wutsiya," Tongsai yakan ce, ba tare da ya ɗago ba.

A cikin shekarun nan, jefi-jefi, akan rasa jariri a ƙauyen. Ba a ranar haihuwa ba, sai ya yi wata biyu ko uku, ya yi ɓul-ɓul, an fara saba wa da fuskarsa. Sai ya ƙi nono, kukansa ya dushe, jikinsa ya saki, kafin a yi wani abu ya tafi. Tsofaffi suka ce iyayensa na rayuwar baya ne suka zo suka karɓi abinsu. Tongsai ya sha kashe inji ran da aka yi irin wannan rashi, ya je ya zauna da mutanen gidan, ya dawo. Bai taɓa kawo wa ransa cewa abin ya shafe shi ta wata hanya ba.

Bayan haihuwar Amfai, Buawan ba ta sake haihuwa ba. Yarinyar ta tashi ita kaɗai tsakanin buhuna, da farar ƙura a gira. Ta yi aure, mijinta Sutcai ya tare a gidansu kamar yadda ake yi, amma aikin gini ya ɗauke shi zuwa ƙetaren kogi, sai dai waya. Da damina ta ja baya Amfai ta haifi namiji lafiyayye. Aka laƙaba masa Kwaɗo, don iskokin da ke zuwa neman kyawawan jarirai su ji sunan su wuce.

Buawan ta ɗauki jegon nan da hannu biyu. Ta sa aka haɗa gadon gora a ɗakin girki, ta zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ta toshe ƙofofin iska da tsummoki. Amfai ta kwanta a kan wuta, tana shan ruwan saiwoyi mai zafi, tana wanka da shi. Abincinta shinkafa mai danƙo da gishiri da aka gasa da wata saiwa dangin citta, sai ɗan busasshen kifi wani lokaci. Ba ƙwai, ba gyaɗa, ba wake, ba nama, ba ganye. Duk macen da ta ci abin da jego ya hana, kowa ya sani, jikinta zai juya mata baya har tsufa, in ma ta kai tsufan.

Tongsai ba shi da ta cewa a ɗakin jego, amma yana da abin da zai bayar. Ya zaɓi buhun da ya fi kyau a rumbunsa, ya zuba a inji, da ta fito ya sake mayar da ita, ya ƙara matse ƙarfen da ke goge ƙwaya. Shinkafar ta fito kamar auduga. Ya ɗiba a tafin hannu ya kai wa matarsa.

"Maman Amfai, duba. Ko a birni ba a cin irin wannan."

Buawan ta jiƙa ta ta kwana, da safe ta wanke ta har ruwan ya fita garau, ta zubar wa aladu ruwan, ta turara wa 'yarta.

Aka gama kwanan wuta, aka kwashe garwashi, amma hanin abinci yana nan, domin shi sai yaro ya yi ƙwari. Wata safiya Tongsai yana ƙasa yana gyaran bel ɗin inji, sai ya ga Amfai ta taso daga rijiya da ɗan bokiti. Ta kama tsanin gida, ta hau rabi, ta tsaya. Ta jingina goshinta da matakala, kafaɗunta suna hawa suna sauka.

"Ke, lafiya?"

"Ba komai, Baba. Iska ce ba ta isa ta."

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya san kwanan zancen. "Hayaƙin jego ne ya zauna miki. Sauko." Ya zaro maganin shaƙarsa, ya nuna mata yadda ake yi. Ta shaƙa. Bayan ɗan lokaci ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta tana bugu kamar za ta fito.

"Haka yake yi da farko. Aiki yake," in ji shi.

Buawan kuwa nata ganin daban ne. Ta zaunar da 'yarta ta tsare ta da ido.

"Gaya mini gaskiya, me kika ci?"

"Inna, me zan ci? Ba ke kike ba ni ba?"

"Ran da kika je gidan Inta fa?"

"Ruwa kawai na sha."

"To, kifin nan ne. Da ma raina bai kwanta da shi ba, ban san ko daga wane rafi aka kamo shi ba."

Daga ranar aka ɗauke kifi. Ya rage shinkafa da gishiri. Aka kira dattawan unguwa suka zauna kewaye da tire, suka ɗaura wa Amfai farin zare a wuyan hannu, suna kiran kurwarta ta dawo gida daga duk inda ta ɓata. Zaren da aka ɗaura sakwa-sakwa, kafin mako ya zagayo ya nutse a cikin fata. Ƙafafunta suka cika, takalmin roba ya ƙi shiga. Ta daina sauka ƙasa. In ta kwanta sai ta tashi zaune, don haka aka tara mata matasai a baya. Kullum Tongsai yana hawowa da maganinsa, kullum tana shaƙa don kada ta ɓata masa rai.

Kwaɗo kuma ya yi shiru. Yakan kama nono ya saki, ya yi amai, ya buɗe baki kamar zai tsala ihu, sai wani ɗan sauti ya fito kamar na ɗan kyanwa.

"Yaron nan akwai haƙuri," in ji Buawan. "Ya san uwarsa ba ta da lafiya."

Da kunne Tongsai yake sana'arsa. Yana daga bakin rijiya yakan san bel ya saki ko dutse ya shiga inji. Wata rana da hantsi man inji ya ƙare, ya kashe, ƙauyen ya yi tsit. Ya zauna a ƙarƙashin gida daidai inda 'yarsa take a sama, ba abin da ya raba su sai daɓen gora. Yana jin nasa numfashin da fitonsa. Ya riƙe shi, ya kasa kunne ga nata. Sauri yake yi, gajere-gajere, kamar na kare da ya sha gudu. Ya jira ya ji fiton. Babu. Ba tari, ba kakari, ba komai sai saurin nan. Ya saki numfashinsa ya sake riƙewa, ya sake saurare. Sannan ya ji Kwaɗo yana kukan nan nasa marar murya, sai ya tuna inda ya taɓa jin irinsa, a gidajen da ya kashe inji ya je zaman makoki.

Ya miƙe ya tayar da ƙaramar taraktarsa mai jan amalanke, ya shimfiɗa tabarma da matasai a ciki.

Buawan ta leƙo daga sama. "Ina za ka da tabarmata?"

"Asibiti. Ɗauko yaron."

"Mai jego a cikin iska? Baban Amfai, kanka ɗaya? Iskar hanya ta shige ta, wa zai fitar?"

"Ki lulluɓe ta."

"Su fa ba su san jego ba. Za su ɗura mata abin da zai ƙarasa ta."

"Maman Amfai," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ciwonta ba irin nawa ba ne. Ban san shi ba. Ke ma ba ki san shi ba."

Tun da suke bai taɓa ce mata bai san wani abu ba. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juya ciki. Inta ne ya goyo Amfai a bayansa ya sauko da ita, bai yi wasa ko ɗaya ba.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Mai kula da shi wata mace ce matsakaiciya, Malaitong, mataimakiyar likita, amma kowa Likita yake ce mata. Ita take ba Tongsai maganin shaƙarsa. Da ta ga yadda aka shigo da Amfai sai ta sallami mai ciwon haƙorin da ke gabanta, ta sa aka zaunar da ita a gado, ba a kwantar ba.

Ta kama wuyan hannunta ta ji jijiya tana gudu. Ta sa ma'aunin zafi, babu zazzaɓi. Ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa ta duba. Sannan ta sa abin sauraren ƙirji, ta bi bayanta daga sama har ƙasa, dama da hagu, ta dawo gaba ta daɗe a kan zuciya.

"Ƙanwata, kina tari?"

Amfai ta girgiza kai.

"Majina da jini? Zufa cikin barci? Wani a gida mai tsohon tari?"

"Sai Baba."

"Nasa na san shi. Da kika haihu, jini ya zuba da yawa?"

"A'a," in ji Buawan. "Lafiya lau ta sauka."

Malaitong ta ja fatar idon Amfai ƙasa ta duba. Ya ɗan yi fari, amma bai kai na wadda jini ya ƙare wa ba. Ta yaye zane ta dubi ƙafafun.

"Tare suka kumbura, ko ɗaya ta riga?"

"Tare."

Ta danna yatsa a ƙwauri, ramin ya zauna bai taso ba. Ta matsa dambubu, Amfai ta yi ƙara.

"Tafin ƙafarki fa, yaya kike jin sa?"

"Kamar ba nawa ba. Wani lokaci kamar tururuwa."

"In kin tsuguna, kina iya tashi?"

"Sai Inna ta ɗaga ni."

Tongsai yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu. Ya yi gyaran murya. "Likita, na ce ko hayaƙin jego ne. Ina ta ba ta nawa maganin."

Malaitong ta juyo. "Wanne? Na shaƙa?" Ta miƙa hannu, ya ba ta, ta jefa a aljihunta. "Kawu, zo nan." Ta ɗora masa abin sauraren a baya, ta cire daga kunnenta ta sa a nasa. Ya ji ƙirjinsa yana busa kamar sarewar da ta tsage. Ta ja shi gaban gadon, ta ɗora a bayan 'yarsa. Iska tana shiga tana fita ba abin da ya tare ta. Ta mayar da shi kan zuciya. Ya ji wani bugu mai sauri, marar nauyi, kamar injin da bel ɗinsa ya zame, yana ta gudu ba ya jan komai.

"Ka ji? Kai hanyar iskarka ce ta ƙuntata. Ita hanyarta a buɗe take, zuciya ce ta gaji, ruwa yana taruwa. Maganinka kuwa bulala yake ƙara wa zuciya. Haki sunansa ɗaya ne, Kawu, amma gidajen da yake fitowa da yawa."

Daidai nan Kwaɗo ya motsa a hannun kakarsa, ya buɗe baki, fuskarsa ta yamutse, sautin bai fito ba. Malaitong ta tsaya cak. Ta karɓe shi, ta buɗe zanen, ta saurari ƙirjinsa, ta taɓa cikinsa.

"Tun yaushe muryarsa ta tafi?"

"Kwana biyu ke nan. Haƙuri gare shi," in ji Buawan.

"Goggo, me uwarsa take ci?"

Buawan ta gyara tsayuwa. "Abin da mai jego take ci."

"Wato me?"

"Shinkafa da gishiri. Ban bar ta ta taɓa komai ba, ko kifin ma na ɗauke. In wani abu ne ta ci, ba a hannuna ba."

"Na yarda," in ji Malaitong. Ta riga ta buɗe kabad tana fasa 'yar kwalba. Ta fara yi wa jaririn allura a cinya, sannan ta nemi jijiya a hannun uwar. Sai da ta gama ta yi magana. "Ba abin da ta ci ba ne, Goggo. Abin da ba ta ci ba ne. Akwai wani sinadari da zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Jiki ba ya ajiye shi da yawa. Nata ya ƙare, nononta ma babu, shi ya sa yaron ya bi ta. Shi na ba su yanzu. In shi ne, kafin rana ta karkata za mu gani. In ban gani ba, motar gunduma za ta zo, na riga na yanke. Ko sun samu sauƙi ma ina so a duba mini zuciyar nan a can."

Fuskar Buawan ta ɗaure. "'Yata, ba na raina karatunki. Amma ni haka na yi jegon wannan da kike gani, shinkafa da gishiri. Haka uwata ta yi, ta haifi tara. Ba wadda ta yi haki a cikinmu."

"Wace irin shinkafa kuka ci?"

"Shinkafa dai. Ta turmi."

"To, ita da rigarta kuka ci ta. Sinadarin nan a fatar ƙwaya yake, wannan ja-ja-jan da ke fita a dusa. Mai cin farar shinkafa, in yana haɗawa da wake da gyaɗa da nama, ba abin da zai same shi. Amma fara ita kaɗai, a jiƙa, a wanke, a zubar da ruwan, ga shayarwa..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi Tongsai, ta kawar da kai, ta shiga gyara wa Amfai matashi.

Tongsai ya fita baranda ya zauna a kan benci. Ya zaro taba ya riƙe, bai kunna ba. Yana ganin buhunan dusa jere a bayan injinsa, da aladun nan masu sheƙi, da tafin hannunsa cike da shinkafa kamar auduga ran da ya kai wa matarsa. Ya bi gidajen ƙauyen a zuci, gida-gida, waɗanda ya je wa zaman makoki. Bai san wanne ne wannan ciwon ya ɗauka ba, wanne ne wani abu daban, kuma ya san babu mai iya gaya masa yanzu.

Malaitong ta fito wanke hannu, ta same shi a haka. Ta mayar masa da maganinsa.

"Naka ne, kai kaɗai. Tabar nan kuma mun sha magana." Ta goge hannunta. "Kawu, ba ƙauyenku kaɗai ba ne. Duk inda inji ya shiga, jego bai canza ba, ana ganin haka. Ba wanda ya yi don mugunta."

"Shinkafar Amfai sau biyu na zuba ta a inji," in ji shi.

Malaitong ta tsaya kusa da shi kaɗan, sannan ta koma ciki.

Inuwar baranda ta fara tsawo lokacin da wani ihu ya tashi daga ɗakin, a shaƙe da farko, sannan ya buɗe, mai kaifi, irin na jaririn da yunwa ta kama kuma yake ganin an yi masa laifi. Tongsai ya miƙe har hularsa ta faɗi. Ya tarar da Kwaɗo yana harba ƙafa, Buawan tana jijjiga shi hawaye yana zuba mata. Amfai ta jingina, kafaɗunta sun sauka. Ta ce tana jin fitsari, Malaitong ta yi dariya ta ce maganar da take jira ke nan, ruwan da ya taru ya fara fita.

Suka kwana biyu a asibitin gunduma, aka duba zuciyar, aka sallamo su da ƙwayoyi. Ƙwaya ba abinci ba ce, don haka Buawan ba ta yi gardama a kanta ba. Amma da Tongsai ya kawo gyaɗa da ƙwai, sai ta tura kwanon gefe. Ta ga allura ta yi aiki da idonta, duk da haka hannunta ya kasa miƙa wa mai jego abin da uwarta ta hana ta. Tsoro ne, shi ma ya san tsoro ne, bai yi mata faɗa ba.

Washegari da sassafe ya ɗauki adda ya shiga ƙarƙashin rumbu, ya sare kurangar da ta rufe turmin. Gara ta ci gefe ɗaya, amma cikinsa lafiya. Ya kankare shi, ya sake kafa gungumen, ya zuba shanshera, shinkafar da ba a casa ba. Ya ɗora ƙafa ya taka. Taɓarya ta ɗaga, ta faɗi. Tsofaffin ƙauyen da suka ji sautin daga gidajensu suka ɗaga kai.

Inta ya leƙo ta kan shinge. "Af! Me zan gani? Mai inji a kan turmin mata? Tsaya in samo maka zane."

"Samo biyu, ka zo ka karɓe ni."

"Aladunka fa? Za su kai ƙararka wurin mai gari."

"Su rame," in ji Tongsai.

Bai yi nisa ba ƙirjinsa ya matse. Ya dafa ginshiƙi, ya shaƙi maganinsa, ya koma. Buawan ta sauko daga tsani a hankali, tana lallaɓa gwiwa. Ta tsuguna ta ɗebi shinkafar a hannu, ta hure ɓuntun, ta daɗe tana kallon jan da ke jikinta.

"Wannan ai shinkafa ce," in ji ta. "Jego bai hana shinkafa ba."

"Bai hana ba."

"Amma ba haka ake takawa ba, za ka farfasa ta. Matsa."

Bai matsa ba, sai dai ya ba ta gefe. Ta ɗora ƙafarta kusa da tasa, ta kama sandar da ake riƙewa, suka taka tare. Gyaɗar kuwa sai da ta yi mako a ajiye, sannan wata rana Buawan ta daka kaɗan ta barbaɗa a kan shinkafar, ta zauna ta zuba wa 'yarta ido har yamma. Da ba abin da ya faru, ta ƙara washegari.

Injin yana nan yana aiki, mutane suna son fararsu, Tongsai yana yi musu. Amma in aka kawo buhu daga gidan da ake jego, yakan sassauta ƙarfen, ya wuce da ita sau ɗaya, ya gaya wa mai buhun abin da Likita ta ce. Wasu sukan ji. Wasu sukan ce tsufa ya fara taɓa shi, su ɗauki buhunsu su tafi injin ƙauyen gaba. Ba ya jayayya da su.

Ran da Sutcai ya dawo ganin ɗansa, Amfai ce ta sauko ta karɓi jakarsa, ga Kwaɗo a saɓe yana tsala ihu. Tongsai yana ƙarƙashin gida a bakin turmi. Ya ɗauke ƙafa daga gungumen, ya riƙe numfashinsa, yana sauraren takunta a kan tsani har ta kai sama ba ta tsaya ba.